Mai Fenti da Ragowar Gindin Galan

Aikin mai fenti yana da lokacinsa. Da damina ta ɗauke bango ya bushe, ko Sallah ta gabato, ko za a yi wa amarya jere, sai a shiga nemansa ruwa a jallo. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: burushi, rola mai doguwar sanda, tsani da tsumma. Yaro yakan daɗe yana kankare bango da cike ramuka kafin maigidansa ya miƙa masa burushin yanka layi a gefen silin, don a nan hannu mai rawa yake tona wa kansa asiri.

Fenti biyu yake juyawa. Na ruwa yana zuwa a bokitin roba mai lita 20, da ruwa ake sirka shi, da ruwa ake wanke shi. Na mai kuwa, wanda ake shafa wa ƙofa da taga da ƙarfe, a galan na gwangwani yake, kuma sai da tina ko kananzir. Wasu har fetur suke zuba masa don ya yi saurin bushewa, ɗaki a rufe, su fito da ciwon kai su ce rana ce.

Na man nan ne abin tsoro. An daɗe ana sa dalma a cikinsa, musamman ja da rawaya, don launi ya fito kuma ya bushe da wuri. Amurka ta hana fentin gida mai dalma tun 1978, amma gwaje-gwajen da aka yi a kasuwannin Najeriya bayan nan sun ci gaba da samun ta a wasu galan-galan. Mutanen Zamfara sun ga aikin dalma a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ta fenti ba ta kisa haka farat ɗaya. Tsohon fenti ya ɓanɓaro, yaro mai rarrafe ya kai baki, ta riƙa taruwa tana dakushe masa ƙwaƙwalwa.

Ni a wajena, ƙarshen aiki ne yake raba gwani da ɗan koyo. Gwani ba ya juye tinar da ya wanke burushi a kwata. Kwalba yake samu ya zuba, ya toshe, ya ajiye a inuwa nesa da murhu. Bayan 'yan kwanaki dauɗar ta kwanta a ƙasa, na saman ya washe, ya tsiyaye shi a hankali ya sake aiki da shi. Ragowar fenti mai kyau kuma ya shimfiɗa leda a bakin galan, ya buga murfi da guduma, ya ɗiga launin a kai, ya bar wa mai gida don gyaran tabo. Wanda ya lalace ya zuba masa yashi ko garin katako, ya bar shi ya daskare kafin ya kai bola. Tsumman da ya sha mai yana baza shi ne ya bushe, domin idan aka dunƙule shi yana iya ɗaukar zafi ya kama da wuta.

Rigimar tana wajen bokiti, tunda a gidajenmu ba a yar da mazubi.

"Malam, ka bar mini wannan, zan riƙa tara ruwa."

"Hajiya, na wanki da shara dai. Don Allah kada a sa na sha, kada a jiƙa gero a ciki."

Ta ce to, amma shi ma ya san bayan wata guda zai iya tarar da kamu a ciki. Gwangwanayen kuwa 'yan gwangwan ne suke kwashewa, su bi sauran ƙarafa zuwa irin su Panteka ta Kaduna, kuma akwai masu cinna musu wuta don fentin ya ƙone, hayaƙin ya bi unguwa.

Duk wannan kintsawar takan ci wa mai fenti sa'a guda bayan ya sauko daga tsani. Ciniki kuwa da ɗaki ake yin sa, kuma mai gida bango yake dubawa kafin ya biya.