Masu Tsaron Zuciyar Aro

Zuciyar da aka dasa wa mutum ba ta kawo kuka. Lokacin da likitan fiɗa zai ciro ta daga ƙirjin mamaci, dole ya yanke jijiyoyin da ke kai saƙo tsakaninta da ƙwaƙwalwa, kuma ba a ɗinke su a sabon jikin. Don haka mai ita zai iya cin abincinsa, ya yi hira da iyalinsa, ya kwanta barci, alhali garkuwar jikinsa tana cin naman zuciyar a ɓoye, ko hanyoyin jininta suna tsukewa, ba tare da ya ji ciwon ƙirjin da ke gargaɗin sauran mutane ba. Kafin numfashi ya fara gagararsa, ƙafafu su kumbura, sau da yawa ɓarna ta riga ta yi nisa.

Akwai likitocin da duk rayuwar aikinsu a kan wannan matsalar ta ƙare. Ba su ne ke riƙe wuƙa a daren tiyata ba. Su ne likitocin zuciya masu bincike, waɗanda ake miƙa wa majinyaci bayan an ɗinke shi, su bi shi shekara da shekaru, su auna, su rubuta, su buga abin da suka gani a mujallun likitanci don wani likita a wata ƙasa ya amfana. Ɗaya daga cikin fitattunsu ita ce Farfesa Hannah Valantine ta Jami'ar Stanford a Kalifoniya, wadda aka haifa a Banjul ta ƙasar Gambiya a 1951. Sai dai ba za a gane aikinta ba sai an san gidan da ta tarar.

Duniya ta san Christiaan Barnard, wanda ya yi dashen farko a asibitin Groote Schuur na Cape Town ranar 3 ga Disamba 1967. Majinyacinsa, Louis Washkansky, ya yi kwana 18 ciwon huhu ya kashe shi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, salon ɗinkin da Barnard ya bi ya samo asali ne daga wata gajeriyar maƙala da Richard Lower da Norman Shumway na Stanford suka buga a 1960, bayan sun daɗe suna gwaji a kan karnuka. Shumway ya yi nasa dashen ranar 6 ga Janairu 1968. A wannan shekarar asibitoci suka yi ca, aka yi dashe kusan ɗari a faɗin duniya, kuma yawancin majinyatan ba su wuce 'yan watanni ba. Zuwa 1971 kusan kowa ya janye hannunsa. Ɗinki ya yi kyau, zuciya ta buga, amma jiki ya ƙi baƙuwar, kuma likitoci ba su da tabbatacciyar hanyar sanin lokacin da ƙin ya fara. Idan suka ƙara maganin danne garkuwar jiki bisa zato, cuta ta samu ƙofa ta kashe mutum. Idan suka rage, zuciyar ta lalace.

Stanford na cikin 'yan tsirarun da suka ci gaba, kuma mafitar ta zo ta hannun mutum biyu da ba a cika ambatonsu ba. Na farko Philip Caves, matashin likita daga Ireland ta Arewa, wanda ya gyara wata na'ura da Japanawa suka ƙirƙiro tun 1962. Siririyar waya ce mai ɗan ƙaramin baki a ƙarshenta. Ana zura ta ta jijiyar wuya ta dama, a bi da ita har cikin ɗakin zuciya na dama, a gutsuro nama ɗan mitsitsi, a janye, mutum yana farke. A 1973 shi da abokan aikinsa suka buga sakamakon. Ta biyu ita ce Margaret Billingham, likitar duba nama a madubin likita, haifaffiyar Tanga a ƙasar da ake kira Tanzaniya a yau. Ita ake kai wa waɗannan gutsattsarin. Ta zauna ta duba dubbai, tana lura da yadda fararen ƙwayoyin jini ke taruwa a gefen ƙananan jijiyoyi, yadda suke kutsawa tsakanin zaren tsoka, da lokacin da tsokar kanta ta fara mutuwa. Daga nan ta tsara matakai: wannan ƙin mai sauƙi ne, a zuba ido, wannan matsakaici ne, a ƙara magani, wannan mai tsanani ne, a tashi tsaye.

A ganina babu maƙalar da ta fi wannan tsari tasiri a fagen. Kafin shi kowane asibiti da nasa ma'auni, abin da wani ya kira mai tsanani wani ya kira mai sauƙi, ba kuma yadda za a kwatanta magani da magani. Billingham ta ba su mudu ɗaya da kowa zai auna da shi. A 1990 ƙungiyar masu dashen zuciya ta duniya, wadda aka kafa a 1981, ta amince da tsarin bai-ɗaya a ƙarƙashin jagorancinta, aka sake gyara shi a 2004 ya koma matakai huɗu. Tun kafin wannan amincewa ne maganin danne garkuwar jiki na saikulosforin ya shigo, wanda kamfanin Sandoz na Suwizalan ya samo daga wani naman gwari da aka taras a ƙasar da aka ɗebo daga Norway. Stanford ta fara ba masu dashen zuciya shi a ƙarshen 1980, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1983, asibitoci suka dawo fagen.

Wannan gidan Hannah Valantine ta shigo a 1985. Tana da shekara 13 iyayenta suka koma Landan, inda mahaifinta ya wakilci Gambiya. Ta yi karatun likita a asibitin St George's, ta ƙware a cututtukan zuciya a lokacin da mata ba su da yawa a wannan fanni. Abin da ta tarar a Stanford shi ne, gutsuro nama ya ceci rayuka amma wahala ce babba. A shekarar farko kaɗai ana iya yi wa mutum sama da sau goma: kowane mako a watan farko, sannan a rinƙa tazara. Wayar kan iya raunata ƙyauren da ke tsakanin ɗakunan dama na zuciya. Za a iya gutsuro wuri mai lafiya a bar wuri mai ciwo kusa da shi. Likitoci biyu kuma kan duba gutsure ɗaya su saɓa a kan matakinsa. Tambayar da ta riƙe kusan shekara arba'in ke nan: yaya za a san halin da zuciya ke ciki ba tare da an taɓa ta ba?

Ta fara da na'urar ɗaukar hoton zuciya da amon sauti, tana auna yadda zuciya ke sakin jiki tsakanin bugu da bugu, don zuciyar da ake ƙi takan sandare kafin ƙarfinta ya ragu. Hanyar ta taimaka, amma ba ta isa ta maye gurbin wayar ba. Ta kuma shiga binciken wata cutar da ke cikin waɗanda suka fi kashe masu dashe bayan shekarun farko, wato kaurin da bangon jijiyoyin zuciyar ke yi daga farkonsu har ƙarshensu. Likitocin Stanford sun nuna a 1989 cewa tana da alaƙa da wani bairos da ake kira CMV, wanda yawancin manya ke ɗauke da shi ba su sani ba, sai garkuwa ta yi rauni ya farka. A 1999 Valantine ta koma ta bi sawun majinyatan wani tsohon gwaji, ta nuna cewa waɗanda aka ba maganin bairos ɗin tun da wuri sun fi tsira daga wannan tsukewa. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai a gidan da ba a zubar da fayil. Wani ne ya cika takardun shekaru da suka wuce, ya rubuta kwanan wata da adadin magani daidai, bai san wa zai buƙace su ba.

Haka sana'ar take a kullum. Da safe asibiti: a duba nauyin mutum, a auna yawan magani a jininsa, a tambaye shi ko ya tsallake shan ƙwaya, a lallashi wanda ya gaji. Da rana a nemi yardar majinyaci ya ba da jini don bincike, a ajiye shi a sanyi da lambarsa. Da dare rubutu. Maƙala takan je wurin masana da marubuci bai san ko su waye ba, su tsefe ta, su dawo da ita da tambayoyi, wani lokaci su ƙi ta ɗungurungum. Kafin mutum ya kai wannan matsayi a Amurka, bayan digirin likita sai ya yi shekara uku a fannin cututtukan manya, uku a fannin zuciya, sannan ƙarin horo a kan gazawar zuciya da dashe.

A 2010 mujallar likitanci ta New England ta buga gwajin da Valantine ta jagoranta a kan majinyata 602. An raba su biyu. Kashi ɗaya aka ci gaba da gutsuro musu nama kamar yadda aka saba, ɗaya kashin kuma aka rinƙa ɗibar jininsu ana auna motsin wasu ƙwayoyin gado 11 a cikin fararen ƙwayoyin jini. Bayan shekara biyu, waɗanda suka gamu da mummunan sakamako kashi 14.5 cikin 100 ne a rukunin jini, 15.3 a rukunin waya. Amma na jini an zura musu waya sau ɗaya ne a shekara biyu a matsakaici, na ɗaya rukunin sau uku a shekara. Masu suka sun ce mutanen da aka zaɓa waɗanda suka riga suka wuce wata shida ne bayan dashe, haɗarinsu kaɗan ne, kuma gaskiya suka faɗa. Gwajin ya amsa tambayar da aka yi masa ne kawai, sauran aiki na gaba.

Babban sauyin ya zo ne daga wata maƙala da ba ta shafi zuciya ba. A 2008 Stephen Quake, masanin injiniyan halittu a Stanford, ya buga hanyar gano wata lalurar ɗan tayi ta hanyar ƙirga ɓurɓushin sinadarin gado na DNA da ke yawo a jinin uwa. Valantine ta karanta, ta ga cewa mai zuciyar aro ma yana ɗauke da gadon mutum biyu a jiki ɗaya. Duk ƙwayar halittar da ta mutu takan zubar da ɓurɓushinta cikin jini. Idan zuciyar na lafiya, rabon mamacin a jinin mai ita bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan garkuwa ta fara kashe tsokar, rabon sai ya hau. Dennis Lo na Hong Kong ya riga ya hango haka a 1998, amma hanyarsa sai ga macen da aka dasa wa gaɓar namiji. Quake da Valantine suka koma ga ƙananan bambance-bambancen da ke tsakanin gadon kowane mutum biyu, hanyar ta yi aiki ga kowa. Suka buga a 2011, suka tabbatar a 2014 a kan majinyata 65, inda suka ga jini kan nuna alama makonni, wani lokaci watanni, kafin madubi ya gani.

Jami'o'i kan auna mai bincike da yawan maƙalunsa da yawan waɗanda suka ambace su. Ma'aunin yana da amfani, amma ni na fi duba abin da ya canza a ɗakin jinya. A yau asibitoci da dama a Amurka sun rage zura waya ƙwarai, suna dogaro da waɗannan gwaje-gwajen jini biyu, sai sakamako ya nuna matsala a koma ga naman.

Daga 2014 zuwa 2020 Valantine ta yi aiki a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, a matsayin jami'a ta farko mai kula da buɗe ƙofar bincike ga mata da tsiraru, ba ta kuma ajiye ɗakin gwajinta ba. Ta haɗa asibitocin yankin Washington suka rinƙa tara jinin masu dashe wuri ɗaya, da gangan a yankin da baƙar fata ke da yawa. Dalilinta a fili yake: alƙaluman Amurka sun daɗe suna nuna cewa baƙar fata sun fi fuskantar ƙin zuciya da mutuwa bayan dashe, alhali su ne ba su da yawa a cikin gwaje-gwajen da ake gina dokokin magani a kansu. Wani ɓangare na gibin ya shafi kuɗi da inshora da nisan asibiti, wani ya shafi yadda jiki ke sarrafa magani, don da yawansu kan buƙaci maganin danne garkuwa na takrolimas mai yawa kafin ya kai adadin da ake so a jini.

Yanzu kusan tara cikin goma na manyan da aka dasa wa zuciya suna cika shekara, rabinsu kuma suna wuce shekara 12. Tsukewar jijiyoyi tana nan tana kama kusan rabin masu dashe kafin su kai shekara goma, kuma idan ta yi tsanani, magani ɗaya tilo da ke warkar da ita shi ne a sake neman wata zuciyar.