Karatun Likita Da Ciwon Sikila: Abin Da Jikina Ya Koya Min

 Yau maganar a kaina za ta tsaya, domin da yawa kun tambaye ni: mai sikila zai iya karatun likita kuwa? Zai iya, ni ma SS ce. Amma akwai abubuwan da na so a ce an faɗa min tun ina aji ɗaya.

Bari mu fara da ciwon kansa. Ƙwayar jinin mai lafiya tana yin kusan kwana 120 a jiki, tamu kuwa kwana 10 zuwa 20 take yi ta mutu. Shi ya sa kullum jininmu a ƙasa yake, gajiya kuma ba ta rabuwa da mu. Idan ƙwayoyin suka lanƙwashe kamar lauje, sai su toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan ciwon ƙashi ya tashi. Me ke tayar da shi? Ƙarancin ruwa a jiki, sanyi, zazzaɓin cizon sauro, gajiya da damuwa.

To ku duba karatun likita a Najeriya. Shekara shida ne, sannan shekara ɗaya ta horo a asibiti. Kwana karatu, tsayuwar awa uku a zagayen duba marasa lafiya, sanyin ɗakin tiyata, ga hunturu. Kusan duk abin da likitana ya hana ni, shi karatun ke nema.

Kuskurena na farko shi ne ɓoyewa. Ban gaya wa kowa ba, don kar a ce min “ke da kin zaɓi wani kwas mai sauƙi”. Da babbar jarrabawar anatomi, fisiyoloji da bayokemistiri ta matso, wadda sai ka ci ta za ka wuce ɓangaren asibiti, na koma barcin awa uku. Har ruwa na rage sha don kar fitsari ya riƙa tayar da ni daga laburare. Saura kwana biyar ciwo ya kwantar da ni. Ina kan gado ana ƙara min ruwa 'yan ajinmu suka rubuta takardar farko. Da yake babu wata shaida ta rashin lafiyata a makaranta, sai da aka sha wuya kafin a yarda in zauna ta gaba. Wallahi na yi kuka, na ɗauka shi ke nan.

Ga abin da na canja bayan nan.

Na farko, na kai rahoton likitana asibitin makaranta da ofishin tsangaya tun kafin wani ciwon ya zo. Takardar da aka ajiye kana lafiya ta fi wadda za ka kawo bayan ka rasa jarrabawa ƙarfi.

Na biyu, na daina karatun ƙurewar lokaci. Kullum kaɗan-kaɗan tun farkon zango, domin ban san makon da jiki zai ƙwace min ba. Abokaina suna iya kwana uku ba barci, ni ba zan iya ba, kuma na daina jin kunyar hakan.

Na uku, gorar ruwa da rigar sanyi ba sa barin jakata. Folik asid da maganin rigakafin maleriya kullum, gidan sauro kowane dare. Likitana ya ɗora ni kan haidiroksiyuriya, tashin ciwon ya ragu sosai. Amma don Allah kar wanda ya saya da kansa, magani ne da ake bin sa da gwajin jini a kai a kai.

Na huɗu, na zaɓi ƙawaye biyu na gaya musu komai: alamomin da za su gani, da inda za su kai ni. Zazzaɓi, ciwon ƙirji ko wahalar numfashi ba abin jira a gama lakca ba ne, asibiti kai tsaye.

Eh, na gama a bayan wasu 'yan ajinmu. Amma duk ranar da aka kawo yaro mai sikila cikin dare yana murƙususu, ba na tambayar ko da gaske yake, na san abin da yake ji.

Idan kana fama da sikila, asma, ciwon suga ko farfaɗiya kuma kana karatu, ka je ka ajiye takardarka a wannan makon. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya ba mu lafiya.