Nauyin "Probably" a Bakin Kogin Binuwai

Hasashen ambaliya da hukumar NIHSA ke fitarwa kowace shekara da Turanci yake zuwa, kuma kalmomi irin su "probably" da "likely" ne ƙashin bayansa. Kafin ya isa kunnen manomin shinkafa a fadamar Gerio ko magidanci a Jambutu, duk a yankin Yola, sau da yawa sun koma "wataƙila", alhali ba nauyinsu ɗaya ba. "Wataƙila" a tsakiya take tsaye, ko a yi ko a fasa. "Probably" kuwa ta riga ta karkata, mai faɗinta yana nufin aukuwar abin ta fi rashin aukuwarsa ƙarfi nesa ba kusa ba. Su kansu Turawa sai da suka ɗora ta a sikeli. A 1964 Sherman Kent na hukumar leƙen asirin Amurka ya ba ta kusan kashi 75 cikin 100, bayan ya ga jami'ai sun karanta gargaɗi guda, wani ya ɗauke shi a kashi 20, wani a 80. Kwamitin sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ma ba ya cewa "likely" sai abu ya kai kashi 66.

Wani zai ce gaibu sai Allah, don haka "wataƙila" ta fi ladabi. Gaskiya ne, amma masana fiƙihu tun tuni sun raba yaƙini da rinjayen zato da shakka, kuma da rinjayen zato matafiyi ke fuskantar alƙibla a daji, sallarsa ta inganta. Ashe muna da ma'aunin a gida, sai mu ce "mafi rinjayen zato". Ƙorafin da ya fi wannan ƙarfi shi ne, in an tsananta magana ruwa bai zo ba, baɗi ba mai saurare. Maganinsa a gaya wa jama'a tun farko cewa cikin irin wannan gargaɗi huɗu, ɗaya zai iya wucewa salin alin. Wanda ya ga yadda Binuwai ya tumbatsa a 2012 da 2022, lokacin da Kamaru ta saki ruwan madatsar Lagdo, ya san kwashe buhunan masara zuwa tudu a banza ya fi sauƙi a kan tsamo su sun tsira a cikin laka. Mai fassara a rediyon Yola, da Hausa ko Fulatanci, shi ke riƙe da wannan bambancin a bakinsa.