"Kada ka taɓa, uwar za ta cinye su": gaskiya da ƙarya kan jariran ɓeran Masar

Duk gidan da yaro yake kiwon ɓeran Masar, ranar da macen ta haihu masu ba da shawara sukan yi yawa. Wannan ya ce kada a taɓa 'ya'yan, wancan ya ce a ɗura musu madara, wata ta ce a bar uban a ciki ya taya reno. Yawancin maganganun nan daga kiwon zomo aka kwaso su, aka ɗora wa dabbar da halinta daban ne. Asalinta duwatsun Andes ne na Kudancin Amurka, wajen Peru, Bolibiya da Ekwado, inda aka yi dubban shekaru ana kiwonta don nama.

Wadda ta fi yawo ita ce ta taɓawa: wai da zarar hannun mutum ya taɓa jariri, uwar za ta ji warin mutum ta ƙi shi, ko ma ta cinye shi. Ƙarya ce. Abin da ake gani har a rantse ta ci ɗanta, mabiyiya ce. Da ɗan ya faɗo, sai ta sa haƙora ta yage jakar da ya fito a ciki, ta lashe masa fuska don ya yi numfashi, sannan ta cinye mabiyiyar. Yaron da ya leƙo a wannan lokacin ya ga jini a bakinta, ai da gudu zai kai labari cikin gida. Idan ta gama gyara su sun bushe, a wanke hannu a ɗauke su, babu komai. Abin kiyayewa shi ne faɗuwa, domin suna da zillo. A riƙe su da hannu biyu, a zaune a ƙasa.

Ɗaukar ma tana da amfani, don ta haka ake auna su. Jariri yakan zo da nauyin giram 60 zuwa ɗari da 'yan kai. A kwana biyun farko yakan ɗan ragu, daga nan sai hauhawa kullum. Wanda ya zo ƙasa da giram 60, ko wanda nauyinsa ya tsaya, shi ne mai bukatar ido.

Ba su da rauni irin na 'ya'yan zomo, kuma dalili a fili yake. Zomanya wata ɗaya take ɗaukar ciki, ta haifi 'ya'ya tsirara, ido a rufe. Cikin ɓeran Masar yana kai kwana 59 zuwa 72, saboda haka 'ya'yan sukan fito da gashinsu, da haƙoransu, ido buɗe, cikin 'yan sa'o'i kuma sun fara yawo. Uwar ko sheƙa ba ta yi. Masu cewa tun kwanakin farko suke tsinkar ciyawa sun faɗi gaskiya. Inda suka ɓata shi ne da suka ce tunda suna ci, ana iya raba su da uwa a sayar. Suna bukatar nono har mako uku. Idan aka ga suna cin kashin uwar kuma, kada a hana su: ta nan suke samun ƙwayoyin hanji masu narkar da ciyawa.

Maganar madara daga tausayi ta fito. Nonon macen biyu ne kacal, ga shi takan haifi biyu zuwa huɗu, wani lokaci har shida, sai mutum ya ga kamar wasu za su kwana da yunwa. Bi da bi suke sha. Madarar shanu da ta gari ba su dace da cikinsu ba, ɗura kuma tana iya bi ta huhu ta kashe ɗan da lafiyarsa ƙalau. Idan uwar ta mutu, a nemi wata mai shayarwa, sau da yawa tana karɓa. Idan babu, a jiƙa abincinsu ya yi laushi a ba su a cokali su lasa da kansu.

Yanzu ga inda ɓarnar gaske take, kuma ba a cika magana a kai ba. Gaskiya ne uban ba ya yawan cutar da 'ya'yan. Uwar yake cutarwa. Cikin sa'o'i kaɗan bayan haihuwa macen tana iya ɗaukar wani cikin, kuma namijin ba ya jira. Ga shayarwa ga sabon ciki, a jikin da bai huta ba. Haka mace take ramewa, 'ya'yan gaba su zo ƙanana, wata rana a wayi gari ta mutu a ce iska ce. Tun cikin ya fito fili a cire namijin, kada a bari sai ranar haihuwa, don ba a san sa'arta ba.

Ba uban kaɗai ba. Ɗa namiji mai mako uku yana iya yi wa uwarsa ciki, 'yan'uwansa mata kuma daga kamar wata ɗaya suna iya ɗauka. Ranar da suka cika kwana 21 a ware mazan. Gane su ba wuya: a kwantar da shi a tafin hannu a danna a hankali saman al'aurarsa, na namiji zai leƙo, ta mace kuwa siffar harafin Y ce.

Akwai kuma masu cewa a bar mace ta tsufa sosai kafin a haɗa ta da namiji. Likitocin dabbobi akasin haka suke gargaɗi: wadda haihuwarta ta fari ta zo bayan ta wuce wata shida zuwa bakwai, ƙashin ƙugunta ba ya buɗewa yadda ya kamata. Haihuwar lafiya ba ta cika wuce rabin awa ba. Idan ta daɗe tana nishi babu abin da ya fito, a garzaya asibitin dabbobi.

"Ba sa shan ruwa, ganye ya ishe su." Wannan ma ƙarya ce, balle mai shayarwa. A sa ruwa a kwano marar zurfi don kada jariri ya faɗa ciki. Dusa kaɗai kuma ba abinci ba ce. Kamar ɗan Adam, jikin ɓeran Masar ba ya haɗa bitamin C da kansa, dole a ba shi kullum. Tattasai da ɗan yankin gwaba suna da shi sosai. Ciyawa mai tsabta kada ta yanke, harawar wake ko ta gyaɗa tana taimakon mai shayarwa da 'ya'yanta. Albasa da ganyen dankalin Turawa, a nesanta su.

A bazara zafi ya fi sanyi kashe su, don dabbar tudu mai sanyi ce. Keji a ƙarƙashin kwano da tsakar rana ajali ne. A nemi inuwa mai iska, a shimfiɗa ciyawa busasshiya a ƙasan kejin, domin ragar waya tana karya ƙafar jariri. Kada a haɗa su da zomo: shurinsa ɗaya ya isa, kuma yana ɗauke da ƙwayar cutar huhu da ba ta damunsa amma tana kayar da su.

Iyaye, idan yaro ya zo neman kafso don ɓeransa ba shi da lafiya, kada ku ba shi. Ampiclox, amoxicillin da sauran dangin fenisilin suna kashe ƙwayoyin hanjin ɓeran Masar, gudawa ta biyo baya, cikin 'yan kwanaki ya mutu. Ku raka yaron wurin likitan dabbobi.