Sha Takwas ko Ashirin da Ɗaya? Rigimar Shekarun Sayen Bindiga a Amurka

A jihohin Amurka da dama, saurayi ɗan shekara 18 yana iya shiga kantin bindigogi, ya ajiye katin shaidarsa a kan kanta, ya cike takardar gwamnati mai lamba 4473. Mai kanti zai tura sunansa ga hukumar FBI a duba ko yana da tabon laifi. In ba a sami komai ba, sai a ɗauko masa doguwar bindiga samfurin AR-15 daga jikin bango. Amma da zai nuna wata 'yar ƙarama cikin akwatin gilashi, irin wadda ake sokewa a ƙugu, mai kanti zai girgiza kai ya ce ya dawo in ya cika 21. Giya ma ba za a sayar masa ba sai ya kai 21, haka taba sigari tun ƙarshen 2019. Ƙuri'a kuwa yana jefawa, soja ma za a ɗauke shi.

Wannan rabon ya samo asali ne daga dokar taƙaita bindigogi ta 1968. A 1963 an harbe Shugaba John Kennedy da bindigar da maharbin ya yi odarta ta gidan waya. A 1968 kuma, cikin wata biyu, aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy. Hankalin ƙasa ya tashi, majalisa ta yi doka, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a watan Oktoba. Dokar ta haramta wa dillalai masu lasisi sayar da ƙaramar bindiga ga wanda bai kai 21 ba, doguwa kuma ga wanda bai kai 18 ba.

Hujjarsu ba ta banza ba ce. Ƙaramar bindiga ita ce makamin ɗan fashi da mai faɗan unguwa saboda tana ɓuya, kuma har gobe da ita ake yin mafi yawan kisan kai da bindiga a ƙasar. Doguwa kuwa a idonsu ta mafarauci ce, ta manomin da ke korar dabbobi daga gonarsa. Abin da ba su hango ba shi ne wata rana AR-15, wadda a lokacin ba ta bazu ba, za ta cika gidaje da miliyoyi. Duk taɓa kunama harsashi ɗaya ne ke fita, wani ya hau da kansa, kuma gidan harsashinta na yau da kullum 30 yake ci. A takarda dai rukuninta ɗaya da bindigar harbin agwagwa.

Shekara 21 ɗin ma dillali kaɗai ta ɗaure. In maƙwabci ne zai sayar wa maƙwabci ƙaramar bindiga, dokar tarayya 18 ta ce. Riƙe doguwa kuwa ba ta sa masa shekaru ba sam, ta bar wa jihohi, shi ya sa a ƙauyuka uba ke ba ɗansa ƙaramin yaro bindigar farauta ba wanda zai ɗaga ido.

Duk lokacin da aka taɓa waɗannan lambobi, ihu ne bayan hari. Ranar 14 ga Fabrairu 2018 wani ɗan shekara 19 ya shiga makarantar sakandare a Parkland ta jihar Fulorida ya kashe mutum 17 da bindigar da ya saya bisa ƙa'ida yana da 18. Ba a yi wata guda ba Gwamna Rick Scott, ɗan jam'iyyar Republican da aka sani da ƙawance da masu bindiga, ya sa hannu a dokar da ta mayar da shekarun saye 21. Ƙungiyar masu bindiga ta NRA ta garzaya kotu. Manyan kantuna irin su Walmart ba su jira doka ba, suka ɗaga nasu shekarun da kansu.

Labarin Uvalde a jihar Texas ya fi tsaya wa mutum a rai. Binciken majalisar jihar ya nuna wani saurayi ya roƙi wasu su saya masa bindiga tun yana 17, suka ƙi. Sai ya zauna yana lissafin kwanaki. Yana cika 18 a watan Mayun 2022, cikin 'yan kwanaki ya sayi dogayen bindigogi biyu a kanti, ranar 24 ga wata ya kashe yara 19 da malamai biyu a makarantar firamare. Wato ƙofar shekaru ta tsare shi har zuwa ranar da ta buɗe da kanta. Kwana goma kafin nan, wani ɗan 18 ya kashe baƙaƙen fata 10 a wani kanti a Buffalo. Majalisar tarayya ta kasa ɗaga shekarun. Abin da ta iya a watan Yuni shi ne ta ce wanda bai kai 21 ba sai an tono tarihinsa na ƙuruciya, binciken da kan ɗauki har kwana 10 na aiki.

Masu son a ɗaga shekaru suna jingina da ilimin ƙwaƙwalwa. Ɓangaren da ke bayan goshi, wanda ke taka wa mutum birki ya sa ya auna abin da zai biyo baya, shi ne na ƙarshen nuna, sai wajen shekara 25 yake kammala. Ɓangaren fushi da zumuɗi kuwa ya riga shi balaga. Saurayi in yana cikin natsuwa tunaninsa bai bambanta da na babba ba, amma in rai ya ɓaci, ko abokai na kallo, nan ake ganin giɓin. Ga wani abin da ba a cika faɗa ba: fiye da rabin masu mutuwa ta bindiga a Amurka kansu suka kashe. Baƙin cikin matashi na iya wucewa kafin gari ya waye, harsashi kuwa ba ya jiran a huce.

Ɗaya ɓangaren ma ba a rasa ta cewa ba. Yarinya 'yar 19 da ke zaune ita kaɗai, da wane dalili za a hana ta abin kare kai alhali kotu na hukunta ta a matsayin babba? Kuma ɗaukar makami haƙƙi ne a kundin tsarin mulki tun gyara na biyu na 1791, shan giya kuwa ba haƙƙi ba ne.

Sai dai tun hukuncin Bruen na Kotun Ƙoli a Yunin 2022, alƙalai ba sa auna amfani da illa. An ce musu su duba ko dokar na da makamanciya a tarihin ƙasar. Sai ga lauyoyi na tonon tsofaffin kundaye. A Janairun 2025 kotun ɗaukaka ƙara mai kula da Texas da Louisiana da Mississippi ta ce hana 'yan 18 zuwa 20 sayen ƙaramar bindiga ya saɓa wa kundi, tana nuni da dokar 1792 da ta wajabta wa fararen fata maza daga 18 zuwa 45 shiga rundunar sa-kai da bindigarsu. A watan Maris wata kotun ta tabbatar da dokar Fulorida, ta ce ai a wancan zamanin wanda bai kai 21 ba yaro ne a idon shari'a, ko ciniki ba ya ƙullawa sai da waliyyi. Tarihi ɗaya, fatawa biyu.

A ganina, rigimar ta yi zafi ne domin an ɗora wa ranar haihuwa kayan da ya fi ƙarfinta. Amurka ba ta da lasisin mallakar bindiga a matakin tarayya, saboda haka a jihohi da yawa shekaru da tsabtar suna su ne kaɗai tambaya. A wasu ƙasashe shekaru matakin farko ne kawai. Bayan wani ɗan 19 ya kashe mutum 16 a wata makaranta a Erfurt a 2002, Jamus ta ce wanda bai kai 25 ba kuma yana neman babbar bindiga ta wasan harbi sai ya kawo shaidar likitan ƙwaƙwalwa, da kuɗin aljihunsa. Brazil ta sa 25 a dokarta ta 2003. Dokar Najeriya ta 1959 ma, duk da 17 ta ambata, ta rataya komai a kan lasisin da 'yan sanda ko shugaban ƙasa ke da ikon hanawa.

Lasisin ma ba laya ba ne. A jihar Illinois sai da katin izini ake mallakar bindiga, wanda bai kai 21 ba kuma sai iyaye sun sa masa hannu. A Satumban 2019 'yan sanda sun je wani gida a Highland Park bayan an kai ƙarar wani saurayi ya yi barazanar kashe mutanen gidan, suka kwashe wuƙaƙe. Bayan wata uku uban ya sa hannu a takardar izininsa. Ranar 4 ga Yuli 2022 saurayin ya hau rufin wani gini ya harbe mutum bakwai cikin masu bikin ranar 'yanci. A 2023 uban ya amsa laifin ganganci a gaban kotu, aka yanke masa ɗaurin kwana 60.