Tsugunno da kaya a gaba

Ɗan Gulbi gari ne na manoma da makiyaya cikin ƙasar Dakoro, jihar Maraɗi. In kaka ta yi, an yanke hatsi an zuba rumbu, sai samari su koma fagen kokowa. Makaɗa su kama kiɗa, yara su kewaye fage suna kallo. Kowane yaro yana so ya zama kamar Yakuba Ango, wanda ake ce ma Kantu. Shi ne ɗan kokowar Maraɗi da ya ci takobi a gasar ƙasa ta farko, wadda aka yi a Tawa a shekara ta 1975. Da sunanshi ake kiran filin kokowa na birnin Maraɗi.

Yara da yawa suna tsammani ƙarfin ɗan kokowa a damtse yake. Amma wanda ya duba da kyau zai ga wani abu dabam. Ɗan kokowa yakan ware ƙafafu, ya lanƙwasa gwiwoyi, ya sauke ƙugu. In ya samu ya shiga ƙarƙashin abokin karawarshi, sai ya rungume shi a ƙirji ya miƙe da shi. Hannu riƙewa ce tashi. Cinyoyi da ƙugu su ne masu ɗagawa.

Akwai wani motsa jiki da ke gina wannan ƙarfi. Mutum ya aza kaya a gaban kafaɗunshi, ya tsuguna, ya miƙe. Shi ake kira tsugunno da kaya a gaba.

Abin da ke aiki cikin jiki

Ƙashin cinya ya fi duk ƙasusuwan jiki tsawo. A gabanshi akwai tsokoki 4 da suka haɗu wurin ƙoƙon gwiwa. Su ne ke miƙe gwiwa. A bayan ƙugu akwai tsokar ɗuwawu, wadda ta fi kowace tsoka ta jiki girma. Ita ce ke miƙe ƙugu. Duk lokacin da mutum ya tashi daga tsugune, waɗannan tsokoki ne suka tashe shi.

Ƙashin baya kuwa ba ƙashi guda ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne 33 a jere, wani bisa wani. Tsakanin mafi yawansu akwai guringuntsi mai taushi, kamar gammon da ake sawa tsakanin kai da tulu. In baya yana tsaye, nauyi yakan rabu daidai bisa gammunan. In mutum ya duƙa ya ɗaga kaya da baya a tanƙware, gefe guda yake matsuwa. Nan ciwon baya yake somawa.

Domi ake sa kaya a gaba?

Ga gwaji mai sauƙi. Yaro ya cika bido mai litir 5 da ruwa. Litir guda na ruwa kilo guda ne, ke nan bidon kilo 5 ne. Ya rungume shi a ƙirji ya ƙirga har 30. Ba zai ji wuya ba. Sa'an nan ya miƙe hannuwa gaba da bidon, ya sake ƙirgawa. Kafin ya kai 30 kafaɗu da baya sun gaji. Nauyin bidon bai ƙaru ba. Nisanshi da jiki ne ya ƙaru.

Haka abin yake wajen tsugunno. Dole nauyi ya tsaya daidai bisa tsakiyar tafin ƙafa, in ba haka ba mutum ya faɗi. Mai kaya a gaban kafaɗa ba ya iya duƙawa, don kayan za su gangaro. Tilas ya tsai da ƙirji. Daga nan amfani 4 suke fitowa:

1. Tsokokin gaban cinya suna yin aiki sosai, suna ƙara ƙarfi.
2. Tsokokin ciki da na baya suna koyon riƙe jiki a tsaye.
3. Ba a bukatar kaya masu yawa. Wanda ya aza kaya a gaba ba ya ɗaukar abin da zai ɗauka in ya saɓa su a baya, amma ƙafafu suna shan aiki.
4. In kaya sun fi ƙarfin mutum, sai ya sake su gaba, ya ja da baya. Ba su danne shi.

Wannan ƙarfi ba na fagen kokowa kaɗai ba ne. Yarinyar da ke ɗaukar tulu a bakin rijiya tana bukatarshi. Haka mai loda dammunan hatsi bisa amalanke, da mai ɗaga turmi, da mai ɗaukar ƙanenshi daga ƙasa. Mata da maza duk ɗaya ne a nan.

A wasu ƙasashe ɗaga ƙarfe wasa ne mai zaman kanshi. Da faransanci ana ce mashi haltérophilie. Yana cikin wasannin Olimpik na farko da aka yi a birnin Atina na ƙasar Girka a 1896. Mata sun shiga gasar a shekara ta 2000, a birnin Sidini na Ostaraliya. Sandar ƙarfen maza kilo 20 ce, tsawonta metir 2 da santimetir 20. Ta mata kilo 15 ce. A 2021 wani mutumin ƙasar Jojiya mai suna Lasha Talakhadze ya ɗaga kilo 267, wato fiye da buhun hatsi biyu da rabi. Sai da ya tarbi ƙarfen a gaban kafaɗa yana tsugune, ya miƙe da shi, kana ya cira shi bisa kai. Shi ya sa duk masu wannan wasa suke yawaita tsugunno da kaya a gaba.

Yadda ake yi

Mai koyo ba ya somawa da ƙarfe. Sandar kiwo ta isa. A nemi wuri mai inuwa, ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ba rami ba dutse. A tuɓe silifa, don tana zamewa.

1. Tsayuwa. A ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗu. Yatsun ƙafa su ɗan dubi waje.
2. Riƙo. A aza sanda a gicciye bisa gaban kafaɗu, kusa da wuya. A sa yatsun hannu ƙarƙashinta, a waje da kafaɗu kaɗan. A ɗaga gwiwoyin hannu sama har su dubi gaba. Kafaɗa ce ke ɗauke da sanda, yatsu tarewa kawai suke yi.
3. Numfashi. A ja iska, a ɗaure ciki kamar wanda za a kai ma naushi.
4. Sauka. A lanƙwasa gwiwa da ƙugu tare, a sauka sannu. Gwiwa ta bi inda yatsun ƙafa suka duba. Ƙirji a tsaye, ido a gaba.
5. Ƙasa. A sauka har cinya ta kwanta daidai da ƙasa, ko ta ɗan wuce. Diddige kada ya ɗaga.
6. Tashi. A tura ƙasa da tafin ƙafa duka. Ƙirji da ƙugu su tashi lokaci guda. A saki numfashi in an kusa miƙewa.

Wahalhalu da maganinsu

Wuyan hannu yana ciwo. Wannan ita ce wahalar farko ga kowa. Dalilinta shi ne mai koyo yana damƙe sanda da hannu duka. Ya sassauta, ya bar yatsu 2 ko 3 ƙarƙashinta. In har yanzu da zafi, sai ya gicciya hannuwa: hannun dama ya dafa sanda bisa kafaɗar hagu, na hagu bisa kafaɗar dama.

Gwiwoyin hannu suna sauka. Da sun sauka, gadon baya ya tanƙware, sanda ta gangaro. Akwai dabarar gyara wannan. A aza sanda bisa kafaɗu, a miƙe hannuwa gaba ba tare da an taɓa ta ba, a tsuguna. In sanda ta faɗi, ƙirji ne ya duƙa. In ta zauna, tsayuwar ta yi kyau.

Diddige yana ɗagawa. Idon sawu ne ya yi tauri, da agarar da ke bayanshi. Ƙaramin yaro yana tsugunawa diddige a ƙasa ba wanda ya koya mashi. Haka tsofaffin da suka saba cin tuwo da hira a tsugune. Mai yawan zama bisa banci ko kujera shi ne ke rasa wannan baiwa. Maganin shi ne a riƙa tsugunawa minti 1 ko 2 kowace rana, ana riƙe da icce ko dirkar rumfa. Kafin sawu ya saki, ana iya sa siririn katako ƙarƙashin diddige.

Gwiwoyi suna haɗewa ciki wajen tashi. Wannan alama ce ta kaya sun yi yawa, ko tsokar ɗuwawu ba ta yi ƙwari ba tukuna. A rage kaya, a riƙa tura gwiwoyi waje.

Sanda tana danne maƙogwaro. A ɗan tura kafaɗu gaba da sama, sai su yi ma sanda wurin zama. In mutum ya ji jiri, ya aje kaya nan take ya zauna. Sau da yawa riƙe numfashi ne ya daɗe.

Nauyin da ya dace da yaro

A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsi. Daga nan ƙashi yake ƙara tsawo, kuma ba ya gama ƙwari sai wajen ƙarshen samartaka. Da can ana cewa ɗaga nauyi yana hana yaro girma. Likitoci sun gano ba haka ba ne, muddin kayan marasa nauyi ne kuma akwai babba yana dubawa. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga yara masu shekara 5 zuwa 17: su motsa jiki minti 60 kowace rana, su kuma yi aikin ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana 3 a mako.

Haɗarin yana wurin gasa. Yara sukan cika gwangwani biyu da siminti, su soka ƙarfe a tsakani, kowa yana so ya fi ɗan uwanshi. Wasu su yi gardamar wa zai ɗaga buhu mai kilo 50. Ko bidon ruwa mai litir 25 ya kai nauyin yaro ɗan shekara 8. Yaron da ya ji ma bayanshi ko gwiwarshi ciwo ta haka yana iya rasa makaranta, ya rasa noman damana, ya kuma rasa kokowar da yake so.

Da rarrafe yaro kan tashi. Mako 2 na farko a yi tsugunno hannu wofi. Sa'an nan a ɗauki sanda. In sanda ta daina faɗuwa, a koma ga taɓarya. Bayan haka a zuba hatsi tiya guda cikin ƙaramin buhu, wato wajen kilo 2 da rabi, a rungume shi a ƙirji, gwiwoyin hannu a sama. A tsuguna sau 10, a huta minti 2, a sake, har zubi 3. Ba a ƙara tiya sai an iya yin goman nan duka ba kuskure.

Ba kullum ake yi ba. Litinin, laraba da jumma'a sun isa, don tsoka a lokacin hutu take ginuwa. A yi da safe ko da marece, ba da tsakar rana ba, balle cikin zafin bazara. A soma da ɗan gudu na minti 5 don jiki ya yi ɗumi. A sha ruwa. Mai zazzaɓi da mai jin yunwa su dakata. Tsoka tana son abinci mai gina jiki: wake, gujiya, ƙuliƙuli, nono da ƙwai, haɗe da tuwo da fura.

Ciwo iri biyu ne. Akwai tsamin jiki da ke zuwa kwana 1 ko 2 bayan aiki. Wannan yana wucewa da kanshi. Akwai kuma suka mai tsanani cikin gwiwa, ko ƙugu, ko ƙashin baya, ko kumburi. Wanda ya ji irin wannan ya daina, ya gaya ma malaminshi da iyayenshi, a kai shi gidan likita.

Tambayoyi

1. Wa ya ci takobi a gasar kokowa ta 1975? A wane gari aka yi ta?
2. Waɗanne tsokoki ne ke tashe mutum daga tsugune?
3. Domi bido ya fi wuyar riƙewa in an miƙe hannuwa?
4. Mi ke faruwa in gwiwoyin hannu suka sauka?
5. Mi ya bambanta tsamin jiki da ciwon da ake kai wa likita?

Lissafi

Yarinya tana yin tsugunno sau 10, zubi 3, kwana 3 a mako. Sau nawa take tsugunawa cikin mako 4? In buhunta yana da hatsi tiya 2, kilo nawa ta rungume?

Aiki

Ƴan aji su fita fili biyu biyu, da sanda guda. Ɗaya ya yi tsugunno sau 5, ɗaya ya tsaya a gefe ya duba abu 3: diddige, gwiwa da ƙirji. Sa'an nan su yi musanya. In an koma aji, kowa ya zana abokinshi a tsugune cikin littafinshi, ya rubuta sunayen gaɓoɓin da suka yi aiki da hausa da faransanci.