Filin Sukuwa Da Kuɗin Caca: Ina Dawakinmu Za Su Dosa?

Daga Wakilinmu na Arewa, Abuja

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Ikko, ko a Agege yake ko Idi-Araba ko Obalende, da wuya a ce bai taɓa giftawa ta Dandalin Tafawa Ɓalewa ba. In mutum ya ɗaga kai a bakin ƙofa zai ga gumakan fararen dawaki huɗu sun yi tsaye da ƙafafun baya. To, jama'a, su ke nan dawakin da suka rage a wurin. Da can filin sukuwa ne sosai, a cikinsa ne ma aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya ranar 1 ga watan Oktoba 1960. A shekarar 1972, zamanin Janar Gowon, aka malale shi da kankare ya koma filin fareti.

Abin da ya sa muka tono wannan tsohon zance shi ne wani hukunci da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Nuwamba 2024. Kotun ta ce dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta da iko a kan jihohi, kowace jiha ita za ta tsara tata, Majalisar Tarayya kuwa iyakarta Abuja. Mai karatu zai ce ina ruwan doki da wannan? Ai kuwa da ruwansa, domin a yawancin ƙasashen duniya kuɗin caca ne ke riƙe da sukuwa. A Kano da sauran jihohin da suka ƙaddamar da Shari'a daga 1999 zuwa gaba ƙofar caca a rufe take, har Hisbar Kano ta garƙame shagunan cacar ƙwallo a 2024. Abuja kuwa tana da gidajen caca masu lasin, akwai ɗaya ma a cikin otal ɗin Transcorp Hilton da ke Maitama. Watau ke nan duk attajirin da ya yi niyyar haɗa sukuwa da caca a wannan sashe na ƙasa, Abuja zai fara dubawa.

Ita Abuja ba ta gaji filin sukuwa daga Turawa ba kamar Kano da Kaduna, don kuwa sai a 1976 Janar Murtala ya yi dokar kafa ta, gwamnati ba ta tare ba sai ranar 12 ga Disamba 1991. Wasan doki da aka fi saninta da shi shi ne holo, a kulob ɗin sojojin fadar shugaban ƙasa da ke Asokoro.

In aka zauna hira da ma'abota dawaki, akwai waɗanda ba su ga laifin a tattara ƙarfi wuri guda ba. Hujjarsu ita ce doki ba ya jin ana fatara: kullum sai ya ci dawa da dusa da harawa, a ba shi kanwa, a biya muri, a biya mahayi, ga kuɗin magani. Kyautar da ake ci kuwa daga aljihun sarakuna da gwamnoni da 'yan kasuwa take fitowa, ran da aka sami gwamnan da doki bai dame shi ba sai ciyawa ta cinye fili. Saboda haka, in ji su, gara fili ɗaya babba mai kyan shimfiɗa da likitan dabbobi da kyauta mai tsoka, da filaye goma da awaki ke kiwo a ciki.

Waɗansu kuwa ba su ma yarda a kai nan ba. Caca haramun ce, shi ke nan, kuma ba su ga yadda Sarki zai tashi a gaban talakawansa ya miƙa kofin da aka saya da kuɗinta ba. (Kada dai mu yaudari kanmu, a gefen fili ba a rasa samari masu ɗan sa kuɗi a tsakaninsu, amma wannan dabam yake da kamfanin da zai buɗe taga yana yanka rasit.)

Ni a ganina, ko da an ajiye maganar addini gefe guda, labarin waɗanda suka riga mu bin wannan hanya ya isa ya sa mutum ya yi taka-tsantsan. A Amurka akwai kamfanin Churchill Downs, mai filin da ake yin shahararriyar sukuwar nan ta Kentucky Derby tun 1875. Kamfanin ya yi ta sayen filaye, a shekarar 2000 ya haɗa da Arlington Park da ke kusa da birnin Shikago, filin da aka buɗe tun 1927, wanda kuma a 1981 ya zama na farko da ya sa kyautar dala miliyan ɗaya a tseren dawakin sukuwa. A 2019 Jihar Ilinoy ta yi doka ta yarje wa filayen sukuwa su buɗe gidan caca a cikinsu, abin da masu dawaki suka yi shekaru suna roƙo don kyauta ta ƙaru. Sai kamfanin ya ce ba ya so. Ashe a wannan shekarar ya sayi kaso mafi girma a wani gidan caca mai suna Rivers da ke nan kusa, mutane kuwa suka ce ba ya son ya yi wa kansa kishiya ne. Ranar 25 ga Satumba 2021 aka yi tseren ƙarshe, aka sayar da filin ga ƙungiyar wasa ta Chicago Bears a kan dala miliyan 197 da 'yan kai, a 2023 aka rushe rumfar 'yan kallo.

Dalilin a fili yake. Na'urar caca, wadda mutanen Ikko ke kira kalo-kalo, ba ta cin harawa, ba ta karaya, ba ta neman muri, dare da rana tana tara kuɗi. Mai gidan caca in ya riƙe filin sukuwa, doki ya zama ɗan riƙo, ran da lissafi ya nuna ba a bukatarsa sai a nuna masa ƙofa. Ko a Makawo, garin da ya yi suna a duniya wajen caca, an daina sukuwa a 2024. A Singafo ma a watan Oktoban 2024 aka yi tseren ƙarshe, bayan gwamnati ta yanke shawarar karɓar filin don gina gidaje.

Wannan na Singafo shi ya fi kama da ciwonmu, domin a nan gida masu neman fili ne suka fi yi wa sukuwa ɓarna, ba masu caca ba. Turawa sun yanki filayen nan ne a bayan gari, yau ga shi gari ya kewaye su, kowane taku ya zama kuɗi. Na Kaduna, inda aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956, shi ne ya zama Dandalin Murtala. Na Kano da ke Nasarawa an yi ta gutsurarsa, har a watan Yuni 2023, kwanaki kaɗan da hawan Gwamna Abba Kabir Yusuf, aka kai katafila aka rushe wani benen shaguna da aka gina a jikinsa. In aka ce an tattara sukuwa a Abuja, to an ba kowane mai rabon fuloti hujjar da yake nema: tun da ba a gudu a nan, me za a yi da filin?

Sa'an nan a tuna da mai doki ɗaya ko biyu. Daga Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400, daga Sakkwato ko Maraɗi kuwa ba a magana. Attajiri zai loda dawakinsa a mota ba tare da ya ji a jikinsa ba, amma wanda ke fita kilisa da yamma yana tanadin dokinsa don sukuwar garinsu, shi an sallame shi ke nan. Haka baduku mai ɗinkin sirdi, da maƙerin linzami da likkafa, da mai sayar da harawa, da yaran da ke koyon hawa a bargar unguwa.

Mutanen Bida sun nuna ana iya yi ba tare da tagar caca ba. Etsu Nupe Alhaji Yahaya Abubakar ya riƙe sukuwar garin da hannu biyu, har masu dawaki daga ƙasashen maƙwabta suna zuwa. Ku kuma 'yan'uwa da ke Kudu, masu aiko da kuɗin gina gida da sayen shago, in dillali ya kawo muku takardar fuloti mai araha a tsakiyar gari, ku tambaye shi ko a jikin filin sukuwa aka yanko shi kafin ku biya.